Baba Bai Janye Maganar Kaza Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma mahaifina ya koma da hantsin wata Talata, a ɗakinsa da ke gidanmu na Gyadi-Gyadi, kansa bisa cinyar Inna. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a Tarauni. Jama'a kam sun zo, wannan ba zan ɓoye ba. Tabarmi suka cika layinmu har bakin titi, tsofaffin ɗalibansa suna ta sauka daga motoci da babura, wasu har da furfura a gemu.

Mu mata muna tsakar gida muna amsa gaisuwa. A shigo a ce ya haƙuri, mu ce da godiya, a yi addu'a a shafa, a matsa wa na baya. Ana cikin haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kama hannuna ta matse, idonta fal hawaye, ta ce, "Ki gode wa Allah, 'yar nan. Malam ya cika da kyau tunda ya tuba."

Na ce, "Ya tuba daga me, Iya?"

Ta ce, "Maganar kazar nan mana. Baffanku ya sanar a waje, wai daf da cikawa ya janye, ya ce sharrin boko ne."

Sai tsakar gida ta ɗauka. Wannan ta ce Allah mai iko, waccan ta ce dama ita ta san mutumin kirki irin Malam ba zai tafi da wannan a bakinsa ba. Wata har cewa ta yi yanzu ne hankalinta ya kwanta, za ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Don ƙauna suke faɗa, na sani, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Baffa yayan mahaifina ne, shi ne babba a danginmu, in ya yi magana ba a musa masa. Na dubi Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin mayafin takaba, carbi a hannu, ba ta ɗago kai ba.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma duk dangi sun shaida ni na gaji zafin ransa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mutum ya yi shekaru yana tsaye a kan magana ɗaya, ya rasa abin da ya rasa a kanta, sannan tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba a ce ya janye? Ba da ni ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba malamin ilimin halittu ne, ya koyar a wata sakandare a Tarauni har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ba ya wuce sahun farko a masallacin layinmu, kuma shi ke jan salla duk ranar da Liman ba ya nan. Abin da ya ɗauke masa hankali tun yana saurayi shi ne waɗansu dabbobi da suka rayu tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasa, waɗanda ake tono ƙasusuwansu sun zama dutse. A littafi dainoso ake ce musu. A unguwa kuwa dodo aka sani, har shi ma ya gaji da gyara ya bi su a haka. A cikinsu ma ba kowanne ne ya dame shi ba. Masu cin ganye yakan ce shanu ne kawai da suka yi girma. Nasa su ne masu cin nama, masu tafiya da ƙafa biyu, kuma maganarsa a kansu guda ce: ba duka suka ƙare ba, zuriyar wani reshe nasu tana nan da rai, su ne tsuntsaye. Kazar da ke tono a bayan madafinmu jikar dodo ce.

A gidanmu ba a tauna ƙashin kaza. In an yi yanka da salla ko suna, Baba zai zauna da faranti a gefe, kowa ya suɗe nasa ya ajiye masa. Ya ɗaga ƙafar ya ce mu dubi yatsu, uku a gaba, ƙarami ɗaya a baya, ga fatar mai ɓawo-ɓawo. Ya karya ƙashin cinya ya nuna mana ramin da ke ciki. Sannan ya zaro siririn ƙashin nan mai reshe biyu na saman ƙirji, ya buɗe mujalla, ya ajiye shi kusa da hoton irinsa da aka samu a jikin dodo. "To ku gaya mini," in ji shi, "wa ya gaji wa?"

Na taɓa ce masa ni dai ƙaton ƙadangare nake gani a hoton. Ya ce in tashi in dubo ƙadangare a katanga. Da na dawo ya ce, "Ƙafafunsa a ina suke?" Na ce a gefe, a baje. "Na kaza fa?" Na ce a ƙarƙashinta, a miƙe. Ya turo mini hoton. "Wannan da wa suka yi tsayuwa iri ɗaya?" Na kau da kai, don na tsani a kayar da ni, shi ma ya san haka, ya yi ta dariya.

Da salla yakan kai mu gidan zu, tunda ga shi nan kusa da mu. Yaran kowa na rububin ganin zaki, mu kuwa sai a ja mu wurin jimina mu tsaya a rana. "Ku dubi tafiyar nan," in ji shi. "Ku sa mata haƙora, ku ƙara mata doguwar wutsiya, ku ga ko za ku tsaya a nan." Mun girma kafin mu san launin zakin gidan zu da kyau.

Inna kuwa ba ta taɓa yarda ba, ko na rana ɗaya. Rigimarsu mafi girma da na sani a kan tukunya ce. Ta dawo daga unguwa ta tarar ya ɗauki tukunyar miyarta yana dafa mushen shirwa da ya tsinto a hanyar Unguwa Uku, wai don naman ya saki ƙashi. Wari ya cika gida. Inna mai sanyin magana, ranar har maƙwabta sun ji muryarta. Ta ce, "Malam, ka zaɓa, ko ni ko ƙasusuwan nan." Ya ce, "Ke na zaɓa, amma ki bari su nuna tukuna." Sai da ya sayo sabuwar tukunya, ya kuma kwashe tarkacensa ya mayar soro, sannan ta sake yi masa magana.

A bangon soron nan ya zana bishiyarsa. Da alli ya fara, daga baya ya bi da fenti. Salsalar dodanni masu cin nama ce, ya tsara ta yadda ake lissafa babban gida: kaka ɗaya a ƙasa, sai ɗakuna. Ga ɗakin masu ƙaho a hanci da 'yan uwansu masu guntayen hannuwa, waɗanda suka ware tun da wuri. Ga babban ɗakin masu sandararriyar wutsiya, shi kuma ya sake rabuwa. Akwai masu dogon baki irin na kada, masu kamun kifi. Akwai ƙattai masu haƙori kamar wuƙa. Sai ƙananan, masu sauri da dogayen hannuwa, kuma a ƙarshen wannan reshen ya zana zakara yana cara. Yakan ce 'yan ɗaki ɗaya ana gane su ne da abin da suka gada su kaɗai daga uwarsu, wanda 'yan uba ba su da shi. Duk baƙon da ya shigo gaida shi sai ya sha karatu kafin ya sha ruwa.

A lokacin ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Wani mai sayar da kaji a kasuwar Tarauni ne kaɗai ya taɓa zuwa har gida ransa a ɓace, ya ce, "Malam, so kake ka kashe mini kasuwa? Mata suna tambayata wai in kakan kaza mai cin mutane ne, ta halatta?" Baba ya ce, "Na farko, bai taɓa cin mutum ba, don ba su yi zamani ɗaya ba. Na biyu, ta halatta. Kawo biyu a soya, mu ci a ƙofar gida kowa ya gani." Haka kuwa aka yi.

Duk da zafinsa, Baba ba ya iya ganin mutum a yashe. Akwai wani dattijon Buzu mai gadin shaguna a bakin titi da zazzaɓi ya kwantar a rumfarsa, ba shi da kowa a Kano. Baba ya ɗauko shi a bayan babur, ya shimfiɗa masa katifa a soro, Inna na dama masa kunu har ya miƙe. Yana kwance yana kallon bangon nan, wata rana ya ce a ƙasarsu, can bayan Agadas, akwai inda irin waɗannan ƙasusuwa suke zube a rairayi, makiyaya na ratsa su da raƙuma. Da ya je gida ya dawo, sai ga shi da ƙulli a bakin rawaninsa. Haƙori ne baƙi, tsawon yatsa, ya zama dutse, gefensa tsaga-tsaga kamar zarto. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya jujjuya shi, sannan ya ce, "Ashe maƙwabtanmu ne." Ya ajiye shi a ƙarƙashin ɗakin masu haƙorin wuƙa, amma ya ce bai tabbata ba, haƙori ɗaya ba ya isa a yanke wa dabba dangi.

Wannan "ban tabbata ba" ita ce mutane ba su sani ba game da shi. Sun ɗauka taurin kai ne kawai. To ni na ga ranar da Baba ya janye magana, da idona, kuma ba a ɓoye ya yi ba.

Akwai wani ƙaton dodo da ya fi kowanne suna, mai shirgegen kai da 'yan guntayen hannuwa masu yatsu bibbiyu. Shekara da shekaru Baba na koyar da cewa ɗakinsa ɗaya da sauran ƙattai, don kuwa haka masanan farko suka tsara, manya a gefe guda, ƙanana a gefe guda. Sai wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a waje ya aiko masa da mujallu. Masana sun sake duba ƙashin ƙafa da ƙugu da ƙoƙon kai, sun ga ashe ƙaton nan ba ɗan ɗakin ƙattai ba ne. Ɗan ɗakin ƙananan ne, girma kawai ya yi. Wato ya fi kusa da zakaranmu a kan ƙaton da ke tsaye kusa da shi a bango. Baba ya yi kwanaki yana juya mujallun nan yana tsaki. Ran nan na zo daga gidana a Hotoro na tarar da shi a kan kujera, da guntun ƙarfe a hannu yana kankare fenti.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Shekaru na yi ina haɗa zumuncin ƙarya. Girman jiki ne ya ruɗe ni, sai ka ce duk dogaye biyu a Gyadi-Gyadi uwarsu ɗaya."

Ya mayar da ƙaton nan zuwa reshen zakara. Bai tsaya nan ba, duk tsohon ɗalibin da ya gamu da shi a hanya sai ya tare shi ya ce abin da na koya maka a aji kuskure ne, ga daidai. Magidanta da suka manta da dodo tun tuni, suna tsaye da cefane a hannu suna cewa to Malam, an gode Malam. A cikin mujallun akwai kuma hoton wani ƙaramin dodo da aka tono a ƙasar Sin, ga shatin gashi irin na tsuntsu a jikin dutsen kewaye da shi. Wannan kam yanke shi ya yi, ya riƙa yawo da shi a aljihun gaba yana nuna wa kowa.

Daidai lokacin ne soja suka ce za su koma bariki, aka buɗe siyasa. Bakin kowa ya buɗe, abin da aka daɗe ana haɗiyewa aka shiga faɗa, mai kyau da maras kyau. Ɗan Baffa ya fito takarar kansila. Abokan hamayya suka duba ba su samu abin kama shi da shi ba, sai suka kama Baba. A teburin mai shayi, a tashar 'yan acaɓa, magana ta zama wai gidansu ba su yarda Allah ne Ya yi halitta ba, wai ƙanin ubansa na cewa mutum daga biri ya fito. Maganar kaza da aka yi shekaru ana dariyarta ana wucewa, sai ga ta ta zama abin tuhuma.

Baffa ya zo da Liman bayan sallar la'asar, suka zauna a soro ƙarƙashin bishiyar. Ina gida ranar. Na kai musu ruwa na laɓe a bayan ƙofa, kuma har yau ban ji kunyar laɓewar ba.

Baffa ya ce, "Abu kaɗan muke nema. Ka tashi bayan sallar magariba ka ce wa jama'a wasa kake yi, a shafe wannan zanen, shi ke nan. Yaron nan fa ɗanka ne."

Baba ya ce, "Yaya, ɗana ne, kuma shi zan zaɓa. Maganar biri ban taɓa yin ta ba, wanda ya ce na yi ya zo ya maimaita a gabana. A kan kaza na tsaya, inda na duba da idona."

Liman mutum ne mai sauƙin kai, abokin Baba tun suna samari. Ya ce, "Malam, ba wanda ya ce ka bar addini. Fitina muke gudu. Mutane sun fara cewa ba za su bi ka salla ba."

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, wa Ya yi dodon? Allah. Wa Ya yi kazar? Allah. In Ya ga dama Ya fitar da wannan daga tsatson wancan, ni wane ne da zan ce bai iya ba? Ku kawo mini ƙashi ɗaya da ya ƙaryata ni, wallahi a gabanku zan kankare bangon nan, na taɓa yi. Amma in tashi a ɗakin Allah in ce wasa nake, alhali ba wasa nake ba, don kujerar kansila? Wannan ita ce ƙaryar da za a tambaye ni a kanta."

Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Kaza ta fi maka zumunci ke nan." Baba ya mayar masa da wata magana mai zafi da ba zan rubuta ba, kuma bai kyauta ba, don yayansa ne.

Aka naɗa wani na'ibin liman a madadinsa. Baba ya ci gaba da zuwa sahun farko yana bin mutumin da ya haifi sa'ansa. Amma abin ya ci shi. Na sha ganin ya dawo daga masallaci ya zauna a soro har shayinsa ya huce. Ɗan Baffa ya faɗi zaɓe, ko don kaza ko don wani abin, Allah masani. Baffa dai a kan Baba ya ɗora laifin, ya daina taka gidanmu. Bai sake shigowa ba sai da ciwon Baba ya yi tsanani, ya zo ya zauna a bakin gado, suka yafi juna, suka yi kuka. Na gode wa Allah da wannan. Sai dai lokacin da rai ya fita Baffa ba ya ɗakin, Inna ce kaɗai.

Zuwa ranar sadakar uku labarin tuba ya gama unguwa. Amma wasu tsofaffin ɗaliban Baba sun fara gunaguni a waje, suna cewa wannan ba Malamin da suka sani ba ne. Ni ma na aika wa Baffa cewa ban yarda ba, da kalmomin da suka fi waɗannan kaifi. Don ya rufe bakin kowa, sai ya yi sallama ya shigo tsakar gida tare da Liman. Mata suka gyara lulluɓi suka matsa. Suka tsaya daga bakin ƙofar Inna.

Bayan gaisuwa Baffa ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ke kika riƙe kansa. Ki faɗa wa Liman abin da ya ce, a sanar da jama'a kafin a yi addu'a, a wanke shi." Yadda ya dube ta, roƙo yake yi. Na fahimci a ransa gata yake yi wa ƙaninsa, so yake a tashi taron nan ba mai sauran zargi a kan mamaci ko a kan gidansu.

Na buɗe baki, Inna ta ɗaga mini hannu, na rufe.

Ta ce, "Yaya, Allah Ya saka da alheri. Ni dai har gobe ban yarda cewa kaza jikar dodo ce ba, shi ma ya tafi ya san ban yarda ba. Kalmar shahada ya yi, ya ce a ba shi ruwa, ya sake maimaita ta. Bayan wannan ban ji komai ba."

Baffa ya ce, "Ki dai tuna. Hankalinki a tashe yake a lokacin."

Ta ce, "Na tuna. Bai janye ba. Takabarsa nake yi, ba zan fara ta da yi masa ƙarya ba."

Liman ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali shahadar ta isa. Baffa ya juya ya fita ba sallama. Muna ji daga ciki ana naɗe tabarmi, don da yawansu daga gidansa aka aro. Mutanensa suka bi shi, wasu matan ma suka tuna sun bar girki a wuta. Waɗanda suka rage suka matso kusa, wasu a kan takalmansu suka zauna, Liman ya ja addu'a. Har yau Baffa bai sake gaida Inna ba, kuma duk wata hidimar gidan nan da ta ƙannena ta hannunsa za ta bi. Ta san haka sarai kafin ta buɗe baki.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ka gafarta masa saurin fushinsa da kaifin harshensa, da ɗaliban da ya zane fiye da laifinsu, da ranakun da ya sa Inna kuka. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ya huta. Laifuffukansa na san su, ni 'yarsa ce, kullum bayan salla nake jera su ina nema masa afuwa. Maganar kaza kuwa ba ta cikinsu, kuma ba zan sa ta ba.